Me ya sa ake buɗe kakar sukuwa a Ingila da shigowar bazara?

Tambaya: Ina bibiyar sukuwar Ingila ta talabijin, kuma na lura duk shekara sai ƙarshen Maris ake cewa kaka ta buɗe, alhali ina ganin dawakai suna gudu har cikin hunturu. Sannan mene ne ya bambanta filin Newmarket da ƙananan filayen da ba a cika jin sunansu ba? Daga wani mai karatu a Katsina.

Amsa: Malam, abin da kake gani cikin hunturu iri biyu ne. Akwai tseren tsallake shinge, wanda ke kai ƙololuwarsa a Cheltenham cikin Maris da kuma gasar Grand National ta Aintree cikin Afrilu, akwai kuma tseren da ake yi a kan daɓen roba da yashi a filaye irin su Lingfield da Wolverhampton. Kakar da ake cewa ta buɗe ita ce ta gudu a miƙe a kan ciyawa, kuma ciyawar ce ke yanke lokaci. Bazararsu ba irin tamu ba ce mai zafi da gumi. Lokaci ne da sanyi ke janyewa, ƙasa ta fara tsanewa, ciyawa ta sake tsirowa. Da asuba jami'in fili yakan zagaya da sanda yana caka ta cikin ƙasa don ya ji taushinta, domin dokin da ya saba da ƙasa mai tauri yana iya nutsewa a taɓo har ya zo na ƙarshe.

Bisa al'ada ana buɗe kakar a Doncaster da gasar Lincoln, mai nisan mil ɗaya, wadda aka mayar can a 1965 bayan an rufe filin garin Lincoln. A taron ne kuma ake yin Brocklesby, tseren farko na dawakai 'yan shekara biyu, kimanin mita 1,000. Abin lura shi ne, duk dokin tsere a wannan ɓangare na duniya ana ƙara masa shekara ne ranar 1 ga Janairu, ko a wane wata aka haife shi, saboda haka ɗan da aka haifa a Fabrairu ya riga na Mayu ƙwari a farkon kaka.

Newmarket kuwa lissafinsa daban ne. Gasar 2000 Guineas, wadda aka fara a 1809, da 1000 Guineas ta 1814, duka na 'yan shekara uku ne, mil ɗaya, ana yin su a can a ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu, kuma ta biyun ta goɗiyoyi ce zalla. Ba a barin dandaƙaƙƙen doki ya shiga, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa iri ake nema. Dubi Frankel, dokin Yarima Khalid Abdullah da Henry Cecil ya horar: a gasar 2000 Guineas ta 2011 ya fita gaba tun daga tashi, ya yi wa sauran fintinkau, ya ci da tazarar tsawon doki shida. Ya yi ritaya ba a taɓa cin sa ba a tsere 14, kuma a 2013 fam 125,000 ake biya don ya hau goɗiya ɗaya. Kuɗin gasar ƙanƙane ne idan aka gwada shi da abin da ke biyo baya a barga.

A filaye irin su Catterick, Redcar, Pontefract da Brighton, yawancin tseren na daidaita nauyi ne. Hukumar sukuwa tana ba kowane doki maki gwargwadon bajintarsa, wanda ya fi ƙarfi sai a ƙara masa darma a cikin shimfiɗar da ke ƙarƙashin sirdi, a auna mahayi da kayansa kafin tsere da bayansa. Nan za ka ga tsohon doki ɗan shekara takwas da abokai goma suka haɗa kuɗi suka saya, da matashin mahayi mai koyo da ake rage wa dokinsa nauyi don masu horarwa su yarda su ɗora shi. Ladan da ake ci sau da yawa ba ya biyan kuɗin ciyar da dokin na 'yan watanni, kuma dole in faɗa maka gaskiya, kaso mai yawa na wannan lada daga harajin caca yake fitowa, abin da ni kaina ba na jin daɗinsa.

A ganina, wanda ke son fahimtar kakar ya fi kyau ya sa ido a kan waɗannan ƙananan filaye cikin Afrilu. Manyan masu horarwa na Newmarket sukan tura ɗanyen doki arewacin Ingila ya fara gudu inda babu cunkoso da hayaniya, ya koyi fita daga ƙofar tashi da jure hawan tudun Pontefract. Idan ka ga mahayin babbar barga ya yi tafiyar sa'o'i don ya hau doki ɗaya tak a Redcar ranar Litinin, rubuta sunan dokin, ka nemi shi a manyan gasannin Epsom ko Ascot cikin Yuni.