Gida ya cika da tarkace, ga masu saye na tafe: ta ina za a fara?

Malam, ka ce dillali zai fara kawo masu saye, gidan kuma cike yake da kayan shekara da shekaru, ka rasa ta inda za ka kama.

Fara da zaure da tsakar gida, nan idon mai saye ke fara sauka. Tsofaffin tayoyi, fasassun jarkoki, mataccen janareto, buhun simintin da ya daskare, duk a fitar. Ƙarafa da robobi 'yan jari-bola za su auna su biya ka. Tufafi da kwanuka masu sauran amfani a ba mabuƙata.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a tura komai ɗaki ɗaya a garƙame. Mai saye zai ce a buɗe, in ka yi masa hanya-hanya sai ya ɗauka rufin na yoyo. Kabad ɗin da ya daɗe manne da bango ma a janye shi. Sau da yawa akwai danshi ko gara a bayansa, gwamma ka riga shi gani.

Kayan ɗakin uwargida nata ne, sai da yardarta. In kuma gidan gado ne, ko tabarma kada a sayar kafin a raba. A nemi malami masanin rabon gado ko a je kotun shari'a.

Takardu kuwa, kada yara su haɗa da shara su ƙona. Ware takardar mallaka ta gwamnati (C of O) da rasit ɗin kuɗin ƙasa da na wuta, ka kai wa lauya ya duba, don Dokar Amfani da Ƙasa ta Najeriya ta 1978 ta ce sai da amincewar gwamna ake sauya mallakar fili mai irin wannan takarda.