Rumfar abinci a Malesiya: kuɗinka ne, lasisin na wani

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, shadda da yadi nake sayarwa. Ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya yana digiri na biyu a Kuala Lumpur. Ya ce wani abokinsa ɗan ƙasar yana da rumfar abinci kusa da makarantarsu, yana son faɗaɗa ta. In na tura ringgit dubu 20, kuɗin ƙasar, wajen naira miliyan 7, za a ba ni kashi ɗaya cikin uku na riba, kuma ba zan rasa ringgit dubu 3 duk wata ba. Lasisin da sunan abokin yake, ƙanena ne zai riƙa sa ido. Ya turo min bidiyon layin masu saye da safe. Wane abinci ya kamata mu ƙara, kuma ta wace hanya zan tura kuɗin?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Tambaya biyu ka yi, amma abin da ya tsaya min a rai shi ne maganar da ka wuce ta kamar ba komai ba: lasisin da sunan abokin yake. Ka dawo nan mu tsaya.

Bidiyon da aka turo maka ba ƙarya ba ne. Mutanen Malesiya a waje suke karya kumallo, kuma abincin nasu ya cancanci layi. Nasi lemak shi ne na Malayawa: shinkafa ce da ake dafawa da madarar kwakwa da ganyen pandan mai ƙamshi, a zuba mata sambal, wato soyayyen barkono da albasa mai ɗan zaƙi, a sa ƙananan soyayyun kifi da gyaɗa da rabin ƙwai da yankan kokwamba, a naɗe a ganyen ayaba. Roti canai kuwa Musulmin Indiya ne suka zo da shi, waɗanda ake kira mamak. Za ka ga mai yi yana wulwula ƙullun fulawa a iska har ya yi shara-shara, ya ninke, ya gasa a faranti da mai, a ci da miyar dal, wato miyar wake irin ta Indiya. Ana kora shi da teh tarik, shayi da madara mai kauri da ake ɗagawa ana tsiyayawa daga kofi zuwa kofi har ya yi kumfa, kamar dai yadda mai shayin bakin titinmu ke yi. Sinawa suka kawo char kway teow, faffaɗar taliyar shinkafa da ake soyawa a wuta mai ƙarfi da jatan lande da ƙwai, jihar Penang ta ƙasar ce ta yi suna da ita. A ƙarshen 2024 hukumar UNESCO ta sa al'adar karin kumallon ƙasar cikin jerin al'adun duniya da ake tattali.

To, kasuwa akwai ta. Kai ne ba ka cikinta.

A Malesiya baƙo ba ya samun lasisin rumfar abinci ta bakin titi. Hukumar birnin Kuala Lumpur 'yan ƙasa take bai wa, kuma tana ƙwace lasisin wanda aka kama ya jingina wa baƙo. Rajistar kasuwancin mutum ɗaya ko na haɗin gwiwa ma, a hukumarsu ta SSM, sai ɗan ƙasa ko mai takardar zama ta dindindin. Ma'anar wannan a gare ka ɗaya ce: sunanka ba zai taɓa hawa kan wata takarda ta rumfar nan ba. Kashi ɗaya cikin ukun da aka yi maka alkawari a baki yake. Ranar da abokin ya ce rance ka ba shi, ko ya ce kyauta ce, ko ya ce bai san ka ba, wace kotu za ka je, da wace shaida? In ma ka je, kai da bakinka za ka faɗa wa alƙali cewa kun yi yarjejeniyar da dokar ƙasar ba ta yarda da ita ba.

Sai maganar mai sa ido. Ƙanenka da bizar karatu yake zaune. Abin da aka yarje wa ɗalibi baƙo shi ne aikin wucin gadi na awa 20 a mako, a lokacin hutu, da izinin hukumar shige da fice, a wurare ƙalilan kamar gidan abinci da gidan mai. Ko a nan ɗin an hana shi zama mai karɓar kuɗi. Ka ji fa. Mutumin da ka dogara da shi ya ƙirga maka ciniki, doka ta hana shi zama a bakin akwatin kuɗin. In jami'ai suka kai samame suka same shi yana ba da canji, abokin tara zai biya ko ya rasa lasisi, shi kuwa karatun ne zai tafi, a sa shi a jirgi. Sai ka je ka yi wa Hajiya bayanin yadda miliyan 7 ɗinka suka dawo mata da ɗa babu digiri.

Ban ce ƙanenka macuci ba ne. Na fi zaton ya yarda da kowace kalma da ya faɗa maka, kuma shi ya sa abin ya fi haɗari. Yaro ne da bai taɓa biyan kuɗin hayar shago daga aljihunsa ba, ya ga layi ya ɗauka riba ce. Nan da shekara ɗaya ko biyu zai gama ya dawo gida, rumfar ta zauna inda take.

Na san wani bawan Allah da ya yi shekaru yana ɗinki a Jidda. Shi ya sayi kekuna, shi ya gyara shago, shi ya tara masu kawo ɗinki, amma takardun duk da sunan wani Balarabe mai gida suke. Mutumin kirki ne, bai taɓa cin masa ko sisi ba, abin da suka yi alkawari duk wata shi yake karɓa. Da Allah ya yi masa rasuwa, magada suka zo rabon gado, suka tarar da shago da sunan mahaifinsu, suka sa shi cikin lissafi. Ba su yi ƙarya ba, takarda ta ba su. Telan nan da jakar kayansa ya fita. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ka lura, wannan wanda ya dace da mai amana ke nan, kuma yana cikin shagon kullum. Kai ko fuskar abokin nan ba ka taɓa gani ba.

Mu zo kan ringgit dubu 3 ɗin, don irin wannan lissafin na masu son a kwana a tashi da arziki ya ishe ni. Kafin kasonka ya kai haka, sai rumfar ta fitar da ribar ringgit dubu 9 a wata. Ƙunshin nasi lemak na bakin titi ringgit 2 ne zuwa 3, roti canai bai kai haka ba ma. A ce bayan an cire shinkafa da kwakwa da mai da gas da haya da ma'aikaci, wanda mafi ƙarancin albashinsa a doka ringgit 1,700 ne tun 2025, ringgit ɗaya ke saura a kowane ƙunshi, kuma na yi muku kara. Ƙunshi 300 ke nan kullum, babu fashi, babu ranar ruwan sama, babu hutun makaranta da ɗalibai ke watsewa, babu azumi da cinikin safe ke mutuwa. Jarin da zai mayar da kansa cikin wata bakwai, me ya sa ɗan ƙasa mai banki a bayan gidansa zai jira shi daga Kano? Kai da kanka, in wani ya ce ka ba shi kashi ɗaya cikin uku na shagonka har abada a kan kuɗin dila kaɗan, za ka yarda?

Tambayarka ta wane abinci za a ƙara, ga amsa a taƙaice: ba kuɗi ke ƙara abinci a rumfa ba, hannu ne. Mai wulwula roti da mai haɗa sambal su ne jarin, ranar da suka tafi layin zai bi su. Kuma ka sani char kway teow na asali da kitsen alade Sinawa da yawa ke soya shi. Akwai na Musulmi, amma kai daga nan ba ka da hanyar sanin abin da ke shiga kasko, kuma dukiyarka ce za ta cakuɗa.

Hanyar halak ga baƙo tana nan, ita ce buɗe kamfani mai rajista da sunanka a cikin masu hannun jari, amma jarin da ake nema a harkar saye da sayarwa ya kai ringgit miliyan ɗaya, ba ta rumfa ba ce.

Don haka kada ka tura. In kana jin nauyin ƙanenka, kira shi ka ce ya turo maka abu uku: hoton lasisin, littafin cinikin wata shida da ya wuce, da rubutun wani lauyan can da zai bayyana matsayin kuɗinka a doka, kai za ka biya lauyan. Kada ka yi masa faɗa, bar shi ya je ya nemo da ƙafarsa, zai gano da kansa. Miliyan 7 ɗin kuma ka mayar da su cikin shadda kafin kasuwar sallah ta buɗe. In kana son ka taimaki yaron, biya masa kuɗin zangon karatu na gaba kai tsaye a asusun makaranta.