Me ya sa Tarayyar Turai ke hukunta Rasha amma tana sayen makamashinta?

Malam, ka tambaya yadda ƙungiyar da ke ta ƙaƙaba wa Rasha takunkumi ta ci gaba da sayen gas da mai daga wajenta.

Asalin lamarin, ƙasashe 27 ne, kuma takunkumi ba ya tabbata sai kowacce ta amince. Ƙasa ɗaya ta ce a'a, magana ta tsaya. Shi ya sa da aka haramta shigo da ɗanyen man Rasha ta ruwa a Disamban 2022, aka bar wa Hungary da Slovakia ƙofa su ci gaba da karɓa ta bututun Druzhba. Kafin yaƙin Ukraine, kusan kashi 40 cikin ɗari na gas ɗin da Turai ke shigowa da shi daga Rasha yake fitowa. Wanda ke ɗumama gidansa da wannan gas a lokacin sanyi ba zai yanke shi dare ɗaya ba. A ganina jan ƙafar ya yi yawa, domin kuɗin nan na taimaka wa yaƙin.

Mutane kan ɗauka rikicin ya fara a 2022, alhali takunkumin farko tun 2014 ne, bayan Rasha ta karɓe yankin Crimea daga Ukraine. Wasu kuma suna haɗa Tarayyar Turai da NATO. Ita NATO ƙawancen soja ce, har da Amurka da Turkiyya a ciki.

In kuwa harkar alkama ko takin zamani daga Rasha ce ta sa ka tambaya, ka fara zama da bankinka da lauyan kasuwanci kafin ka tura ko sisi.