Wai baiwa ce ko koyo?

Ka tambaye ni wai kana da baiwar ɗinki ko kuwa lokacinka kake ɓatawa, tunda abokin aikinka ya riga ka gama wuyan riga. Baiwa akwai ta, Allah ke bayarwa, ban musa ba. Amma ku yaran yanzu saurin hannu kuke kira baiwa, shi ya sa kuke son zama gwanaye kafin azumi ya zagayo.

An taɓa kawo mini wani yaro nan cikin birnin Zariya. Kallo ɗaya zai yi wa aska takwas, adon nan na gaban babbar riga, ya zana ta da ka, tambari da dagi duk a mazauninsu. Kowa ya zo wucewa sai ya ce "gwani, gwani", har kansa ya kumbura. Ka ce ya warware layi ɗaya, sai ya haɗe rai, wai mai baiwa ba ya gyara. Aikin da ya san zai ba shi wuya kuwa ba ya taɓawa, don kada a ga ya kasa. Yabo ne ya sa masa wannan tsoron.

Shekarar da zan sauke farali, wani alhaji ya kawo shadda Getzner, 'yar Ostiriya, daga Kantin Kwari, za a yi masa naɗin sarauta. Na ce a ajiye ta sai na dawo. Ina juya baya yaron ya zana bai auna ba, ya hau ɗinki don ya burge ni. Na dawo na tarar askar ta karkace, ta bar bakin aljihu. Shadda kuwa in allura ta huda ta, ko ka warware sai gurbin ya nuna. Alhajin ya ce shi bai san zancen ba, a biya shi. Keken ɗinkina Butterfly na sayar na cika kuɗin, kuma ya kwashe 'yan uwansa kaf suka koma wajen wani. Yaron ko haƙuri bai ba ni ba, wai ai kowa ya ce aikin ya yi kyau. Yanzu acaɓa yake yi.

Kai kuma jiya ina kallonka ka warware dagi ba wanda ya sa ka, don ya ɗan kauce kuma ranka ya ƙi amincewa. Idon nan nake nema a wajen yaro, hannu zai biyo baya. Batun jan zare kuwa, kada ka sake tambayata, ko makaho ya san wannan. Ɗauko rigar can ka ƙarasa wuyan kafin la'asar.