Filin Tambaya da Amsa: Idan ChatGPT ya yi tambaya, da gaske yana son sani ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na tambayi ChatGPT yawan abincin da zan saya wa kajina 100 na wata guda, sai ya zubo mini lissafi bai ko tambayi na ƙwai ne ko na nama ba, balle makonninsu nawa. Can ƙarshe kuma ya ce ko ina so ya tsara mini jadawali. Me ya sa bai iya tambaya ba? Kuma yana da niyya irin ta mutum? Daga mai kiwon kaji, Zariya.

AMSA: Wa'alaikumussalam, Malam. Abin da ka gani ya samo asali ne daga horon da aka yi wa ChatGPT da ire-irensa, wato manhajojin da ke hira da mutum. Da farko an ɗura musu ɗimbin rubutu, suka koyi hasashen gutsuren kalmar da zai biyo baya. Daga nan aka sa mutane su riƙa kwatanta amsoshi suna zaɓar wadda ta fi. Mai zaɓe kuwa yakan fifita cikakkiyar amsa a kan wadda ta tsaya tana cewa "wane iri ne?" Shi ya sa manhajar ta saba cike giɓi da zato, kuma ba lallai ta gaya maka ta yi zaton ba.

A harkar kiwo wannan zaton kuɗi ne. Kazar da ta fara ƙwai tana cin giram 110 zuwa 120 a rana, wato kaji 100 za su tashi da buhu mai kilo 25 cikin kwana biyu, kusan buhu 14 a wata. Ɗan tsakon kazar ƙwai mai mako ɗaya ko kwatan hakan ba ya ci, abincinsa ma daban ne.

Gyaran ba wuya. Bayan ka rubuta buƙatarka, ƙara da cewa: "Kada ka amsa tukuna. Yi mini tambayoyi uku da amsarsu za ta canja lissafin, ɗaya bayan ɗaya." Ka ƙayyade adadin, in ba haka ba zai jero maka goma, rabinsu marasa amfani. Idan ya gama, ce masa ya faɗi abubuwan da ya ɗauka ba tare da ka gaya masa ba. Nan kurakuran suke ɓuya. In an matsa masa haka, tambayoyinsa kan yi kyau ƙwarai.

Batun niyya kuma tsohon zance ne. A 1966 Joseph Weizenbaum na jami'ar MIT a Amurka ya fitar da ELIZA, manhajar da ke juya maganar mutum ta mayar masa da ita a siffar tambaya. Duk da sauƙinta, sakatariyarsa ta nemi ya fita daga ɗakin don ta keɓe da ita. A 2022 ma Google ta sallami injiniyanta Blake Lemoine bayan ya dage cewa LaMDA, manhajar hira ta kamfanin, na da ji a jika.

Namu ra'ayin, manufa aka ɗora wa ChatGPT, wato ya zama mai amfani ga wanda ke hira da shi, kuma wannan "kana so in tsara maka?" ɗabi'ar horo ce. Likitan dabbobi yana tambayar shekarun kaza don zai ji kunya idan ta mutu, gobe ma zai kira ka ya ji yadda suka kwana. ChatGPT ba shi da abin da zai yi asara. Amma tambayarsa tana aiki, domin duk abin da ka amsa yana shiga cikin bayanan da zai gina lissafinsa a kansu, saboda haka ka ba shi adadi daidai: iri, makonni, da nauyin buhun da ake sayarwa a wajenku.