Ku Tambaya Mu Amsa: Gem ɗin da ya haɗa abokai biyu faɗa

TAMBAYA: Salam Malam, barka da ƙoƙari. Ni da abokina mun buga wani gem mai suna Disco Elysium, kowa a kwamfutarsa, tun daga nan muke ta musu har yanzu gaisuwa ma da ƙyar. Shi ya ce farfagandar 'yan kwaminisanci ce kawai aka lulluɓe da barkwanci, ni kuma na ce ai kowa suka yi wa ba'a ba su ɗau ɓangare ba. Don Allah wa ke da gaskiya? Daga wani ɗalibi a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanina. Gaskiya dukkanku kun kama wani abu kun saki wani, amma bari in fara yi wa waɗanda ba su san shi ba bayani. Kamfanin ZA/UM ne ya fitar da shi a 2019, mutanen Istoniya ne, babban marubucinsa Robert Kurvitz. Kai ne ɗan sanda mai bincike da ya sha giya har ya farka bai san sunansa ba, ga gawar wani mutum rataye a bishiya bayan masaukin da ya kwana, a unguwar Martinaise ta birnin Revachol, ga ma'aikatan tashar jirgin ruwa suna yajin aiki. Kusan babu faɗa, magana ce zalla da zaɓi, kuma akwai baiwa 24 da ke cikin kanka kowacce da muryarta tana zuga ka.

To inda kake da gaskiya shi ne ba'ar ba ta bar kowa ba. Akidu huɗu gem ɗin ya ba ka dama ka bi, kwaminisanci, fasisanci, tsantsar jari-hujja, da ta masu cewa a bi a hankali kada a taɓa komai, kuma duk wadda ka ɗauka sai ya mayar da kai abin dariya a cikinta. Dubi Evrart Claire shugaban ƙungiyar ƙwadago, bakinsa cike da haƙƙin talaka amma shi ne zai tura ka neman sa hannun mutanen ƙauyen masunta a kan ginin da zai takura musu su tashi, har kujerar da yake ba baƙo ma da gangan ya zaɓi mai azabtarwa, tana rage maka lafiya kana zaune. Mai yin farfagandar ma'aikata ba zai zana shugabansu haka ba.

Amma fa cewa ba su ɗau ɓangare ba, nan ka zame, kuma wannan ne nake so ka tsaya ka duba da kyau. Joyce Messier wakiliyar kamfanin Wild Pines da ake yi wa yajin aikin ta fi kowa ladabi da ilimi, za ka so ta wallahi, sai daga baya ka tuna kamfanin nata ne ya turo sojojin haya su murƙushe yajin aiki. Unguwar kanta kufai ce, an yi juyin juya hali wajen shekara 50 baya, ƙawancen ƙasashen waje suka zo suka yi luguden wuta, har yanzu ramukan harsashi na jikin bango kuma jiragen yaƙinsu na shawagi a sama, waɗannan ɗin su ne masu wa'azin a bi a hankali. Ka lura, in ka yi ta kauce wa kowace tambaya don kada ka ɓata wa kowa, gem ɗin sai ya ce to kai nasu ne. Wato zaman tsakiyar da kake jingina musu shi ne ma abin da suka fi caccaka. Ba'ar da suke wa 'yan kwaminisanci kuwa irin ta ɗan gida ce, mai zafi amma da baƙin ciki a ƙarƙashinta, ta mutanen da ƙasarsu ta zauna ƙarƙashin Tarayyar Sobiyet har 1991 kuma suka ga abin da ya biyo baya. A bikin The Game Awards na 2019 inda suka ci kyauta 4, ɗaya daga marubutan, Helen Hindpere, ta gode wa Marx da Engels, iyayen akidar kwaminisanci, a bainar jama'a, don haka abokinka ba daga iska ya ɗauko maganarsa ba. Kuskurensa kalmar farfaganda, ita ba ta nuna maka aibun masu ita, nan kuwa an baje shi a faifai.

Sannan wani abu da ke rura irin wannan musu, ba gem ɗaya kuka buga ba. Abin da ka zaɓa shi ke buɗe maka hirar da za ka gani, ƙila akwai maganganun da shi ya ji kai ba ka taɓa cin karo da su ba sam. Ku zauna ku sake bugawa tare, kai ka ɗau zaɓinsa shi ya ɗau naka, musamman a bugun The Final Cut na 2021 da aka ƙara wa kowace akida nata aikin na daban. Kuma kai ka fara kiransa, tunda kai ka rubuto.

TAMBAYA: Malam ƙanena ɗan shekara 14 yana so in saka masa shi, ya dace? Daga wata 'yar'uwa a Maradi.

AMSA: A'a 'yar'uwa, kada ki saka masa. Akwai shaye-shaye da ƙwaya da ashar da kalaman wariyar launin fata, hukumar tace finafinai da gem ta Ostareliya ma sai da ta ƙi ba shi izini a 2021 kafin daga baya ta amince a kan 'yan 18 zuwa sama. Ga kuma karatu mai yawa da Turanci mai nauyi, yaro zai kwashi ashar ɗin ne ya bar habaicin.