Ku Tambayi Baba: Hanyar da Kamiyo Ba Ya Bi

TAMBAYA: Baba, barka da war haka. Ni ɗalibi ne a jami'ar Tawa, ina zaune a unguwar Wadata. Ni da abokaina uku muna so mu yi yawon kwana uku ko huɗu a kan keke idan an ba da hutun Disamba. Abin da ya tayar mana da sha'awa wani bidiyo ne da muka gani a waya: mutane a Faransa suna bin wata hanya sumul cikin daji, ba mota ba babur, suna wuce tsofaffin gidajen sarakuna. Mu kuwa da mun hau kwalta sai kamiyo ya kaɗa mu da iska har mu sauka gefe. Akwai irin wannan hanya a ƙasarmu, ko dai mu haƙura?

AMSA: Ɗana, kada ku haƙura, amma ku cire sumul ɗin nan daga ranku tun yanzu.

Daga yadda ka siffanta bidiyon, ya yi kama da hanyar kogin Luwar. Tsawonta ya kusa kilomita 900, tana bin kogin har bakin teku, tana ratsa ƙasar da sarakunan Faransa suka gina fadojinsu, irin su Shambor da aka fara ginawa a 1519, wadda dajinta ke kewaye da katanga mai kilomita 32. Ko ita ma ba duka ba ce babu mota, akwai wuraren da mai keke ke haɗa ƙaramin titi da motocin ƙauye, sai dai mai ɗaukar bidiyo ba ya nuna nan. Da yawa daga cikin hanyoyin nan nasu tsohon layin dogo ne da jirgi ya daina bi, aka cire ƙarfen aka zuba kwalta, kamar yadda aka yi tsakanin garuruwan Jibri da Kuluni a 1997. Shi ya sa ba su da hawa mai tsanani, don jirgin ƙasa ba ya son tudu. Wato kuɗi suka kashe suka raba mai keke da mota.

Mu a nan Adar, ƙasar Tawa, ba sai an kashe ko dala ba. Ka bar kwalta da taku ɗari, ka shiga hanyar amalanke ko burtali, sai ka wuni ba ka ji ƙarar inji ba in ban da ɗan kabu-kabu jefi-jefi. Abin da zai hana ku tafiya a nan yashi ne da ƙaya da ƙishirwa. Saboda haka wanda zai yi yawon keke a ƙasarmu, kafin ya nemi taswira, ya koyi karanta ƙasa.

Ga yadda ake karanta ta. Hanyar amalanke layi uku ce: sawun taya biyu, da tsakiya inda jaki ke takawa. Tsakiyar nan a tone take, kada ka bi. Sawun tayar ma idan ka ga ya yi zurfi, gefensa yana zubowa, to yashi ne, zai riƙe maka tayar gaba ya juya ka. Ka duba can gefe, kusan kullum akwai 'yar siririyar turba da masu zuwa rijiya da 'yan makaranta suka daddale da ƙafa. Faɗinta bai fi tafin hannu biyu ba, amma ta fi komai daɗin tuƙi. Idan ƙasa ta yi ja, da 'yar tsakuwa a kai, ka gode wa Allah ka ƙara giyar keke. Idan ka hango fari yana ƙyalli a gaba, ƙorama ce ta bushe: ka sauka ka tura, ba abin kunya ba ne. A kan dabagi ƙasa tana da tauri amma duwatsun suna da kaifi, a kwari kuma akwai inuwa amma nan yashi yake taruwa. Duk tafiyar Adar tsakanin waɗannan biyun take.

Da ni ne ku, gabas zan nufa, wajen Keita, kimanin kilomita 70 daga Tawa, in yada zango a Tamaske. Kun ce daji kuke so. To, itatuwan da za ku gani a ƙasar Keita da yawansu hannu ne ya dasa su. A zamanin farin 1984 aka fara babban aikin farfaɗo da ƙasa a can, da tallafin Italiya da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma yawancin waɗanda suka ɗauki duwatsu a ka suka tona ramukan mata ne, don maza sun tafi cin rani, ana biyan su da abinci. An dasa miliyoyin itatuwa, an yi madatsun ruwa a ƙoramu. Idan kuka hau gangaren tudu za ku ga layukan duwatsu suna bin ƙugun tudun, kowane layi da jerin itatuwan ƙaya a bayansa. Ku jingine kekunan ku tambayi duk tsohuwar da kuka tarar tana tsintar itace, da wuya a ce ba ta yi aikin ba ko ba ta san wadda ta yi ba. Wannan ya fi mini gidan sarkin Faransa, amma ra'ayina ne.

Kada dai ku sa ran duhuwa. Dajinmu a buɗe yake, itace nan itace can. Inda za ku sami abin da ya yi kusa da na bidiyonku shi ne kwarin Majiya, a ƙasar Buza, inda tun 1975 aka fara dasa dogon yaro layi bibbiyu don tare iska, har aka yi ɗaruruwan kilomita. Amma ya yi muku nisa a kwana huɗu, ku bar shi sai wani hutun. Abokin tafiyarku na gaskiya a Disamba gawo ne, shi da ke zubar da ganye da damina ya yi kore shar da rani. Ƙarƙashinsa za ku yi azahar. Ku dudduba ƙasa kafin ku shigar da keke, don yana zubar da ƙaya.

Wani abu game da gabas: iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa. Ranar tafiya tana gabanku, za ku yi ta taka feda kamar masu daka surfe, tafiya ba ta ci. Ranar dawowa ita za ta turo ku gida. Haka ya fi, a sha wuyar tun da sauran ƙarfi. Ku fita da an sallame asuba, kafin ta tashi sosai, ku sauka kafin rana ta take, sai bayan la'asar ku ƙara kaɗan. Kilomita 30 zuwa 40 a rana a kan turba ya ishi wanda bai saba ba.

Idan kuma tarihi ya fi ja muku rai, ku yi kudu. Badagishiri ba ta kai kilomita 50 ba, kuma a ƙasarta garin Yama yake, inda magini Falke Barmu ya gina masallacin Juma'a na ƙasa a 1962, ya dawo daga baya ya ƙara masa hasumiya huɗu, kowace da irin surarta, har ginin ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. A Dandaji ma akwai wani masallacin da aka gina bisa tsarinsa, wanda aka mayar ɗakin karatu bayan an gina sabo kusa da shi. Daga nan sai Ilela, gidan Sarkin Adar, zuriyar Agabba ɗan Sarkin Agadas wanda ya ƙwace Adar daga hannun Kabi a ƙarshen ƙarni na 17. Jami'arku ma sunan Djibo Hamani take ɗauke da shi, mutumin da ya rubuta tarihin ƙasar nan, don haka kada ka bari in ji ka je Ilela ba ka san wane ne Agabba ba. A gonakin wannan yanki za ku ga tassa da rabin wata, ramukan da manoma ke tonawa a fako su zuba taki don su kama ruwan sama. Aibin hanyar kudu ɗaya ne: babbar kwaltar Ƙonni na kusa, kuma idan gajiya ta zo za ta riƙa kiran ku. Kada ku amsa, musamman ranar kasuwa.

Ruwa: kowa da jarkarsa ta lita biyar, a ɗinke ta cikin buhu a jiƙa, ta wuni da sanyi. Duk rijiya ko famfon da kuka wuce ku cika, ko da ba ta yi rabi ba. Guzuri kuwa cuku da dabino da ƙuli-ƙuli sun isa, fura kuma ba ƙauyen da za ku rasa ta. Ku riƙe sukari da gishiri: idan wani ya galabaita ko zawo ya kama shi, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta.

TAMBAYA: Malam, ina wuni. Ni uwa ce, daga Bilbis. Autana ya dame ni shi ma sai ya bi abokansa yawon keke cikin ƙauyuka. Ni tsoro nake ji, ga halin da ƙasa ke ciki. Ban da haka, mutane za su ce mun kasa ba shi kuɗin mota. In hana shi?

AMSA: Hajiya, lafiya lau. Maganar mutane ki bar ta, iyayenmu a ƙafa suka je Kano.

Tsoronki kuwa yana kan hanya, kuma ba zan rage miki shi da daɗin baki ba. Akwai inda ba a zuwa. Arewa da yamma, wajen Tiliya da Tasara da duk abin da ya kusanci iyakar Mali, an sa dokar ta-ɓaci a 2017, kuma a ƙasar Tiliya aka kashe mutum 137 rana ɗaya a watan Maris na 2021. Bakin iyakar Najeriya ma akwai masu satar mutane. Idan can suka nufa, ki hana shi, ki ce ni na ce.

Idan wajen Keita ne ko Badagishiri, ki kafa masa sharuɗɗa. Kafin su fita su je wurin jandarma su faɗi hanyar da za su bi, su ji ko an hana wani abu a kwanakin, don labarin wata uku da suka wuce ba ya amfani yau. Kowa da katin ɗan ƙasa da na makaranta a aljihu. Ba tafiyar dare, ba kwana a daji irin na Turawan bidiyo da tantinsu. Su shiga gari da sauran rana, su sauka daga kan keke tun daga bakin gari, su yi sallama, su nemi gidan maigari. Shi zai ba su zaure, shi zai gaya musu ƙoramar da ba a bi da wadda ake bi, da ɗan gari akan ci gari. Su riƙe ɗan goro ko sukari da ganyen shayi na gaisuwa. Kada su ɗaga waya su ɗauki hoton mata a rijiya ko na sojoji. Inda ba a saki gonaki ba tukuna, ko a lambun albasa, su bi gefe. Idan suka haɗu da garke a burtali su tsaya dabbobi su wuce, don raƙumi yana firgita da keke, karen makiyayi kuma ba a tsere masa: a sauka, a sa keken tsakani, a jira mai shi.

Kuma ya kira ki kowace magariba ya faɗi sunan garin da suka sauka. In ya ƙi yarda da wannan, bai isa tafiya ba.

TAMBAYA: Baba, ni tela ne a Tamaske. Kekena ba ya kwana uku bai yi faci ba. Mene ne magani?

AMSA: Tsidau ne, da ƙayar aduwa da ta bagaruwa. Ka sami tsohuwar taya, ka yanke bakinta mai waya gefe biyu, ka shimfiɗa bayanta cikin tayarka kafin ka sa tiyub. Keken zai ɗan yi nauyi, amma tsidau ba zai kai ciki ba. Ka goge bakin yankan ya yi laushi, in ba haka ba shi da kansa zai ci tiyub ɗin. Duk sanda ka yi faci, ka bi cikin tayar da yatsa a hankali, don sau da yawa kan ƙayar yana nan a karye, ka hura ya sake hudawa, ka yi ta zagin mai faci a banza. Bayan ka shafa sholisho ka jira ya bushe har ya daina kama yatsa kafin ka manna. Mai doguwar tafiya kuma ya riƙe tiyub biyu sababbi da famfo da sifana, ya canza a hanya, ya bar facin sai ya sauka masauki.